Ranar da Na Ɗaure wa Mai Rai Haɓa

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar wata Talata, a mako na uku da fara aikina a wani gidan kula da tsofaffi a Dagenham, can Ingila. Lokacin ina zaman gwaji na wata uku, kuma bizata a jikin aikin nan take rataye. In an sallame ni, sai Kano.

Ina shiga na ci karo da nas ɗin da za ta tashi daga aiki, tana saka kot a gurguje. Ta ce, "Edna has passed this morning. Finally, thank God! Four days!" Ta fice.

Ni da na ci Turanci a sakandare (har ina gyara wa mijina saƙon waya), na san kalmar nan pass sarai. Ɗalibi yakan yi pass a jarrabawa, mota takan yi pass ta wuce ka, mutum kuma in ya yi pass, to sai addu'a. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hamdalar da matar nan ta yi. Wane irin rashin imani ne wannan?

Na nufi ɗakin Edna, tsohuwa 'yar shekara casa'in da ke kirana "love". Barandar shiru, ba ka jin komai sai ƙugin hitar ɗumama ɗaki. Labule a sake, ɗakin ya yi duhu-duhu. Ga ta a miƙe, baki a buɗe, fuska fara fat, ko mayafi ba a ja mata ba. Agogon bango yana ta bugawa. Tsoro ya kama ni, amma tausayi ya fi shi ƙarfi.

Na taɓa ganin yadda Gwaggona ke kimtsa mamaci. Na miƙe wa Edna ƙafafu, sanyi ƙalau. Na jera hannuwanta. Na zare ɗankwalin da ke jakata, na zagayo da shi ta ƙarƙashin haɓarta, hawaye na zuba, na fara ƙulli a tsakiyar kai.

Sai idanu suka buɗe.

Shuɗaye, suna kallona, ba ƙiftawa. Yatsu masu sanyi suka damƙe wuyan hannuna. Daga cikin ɗankwalin wata murya ta fito a shaƙe: "What are you doing, love?"

Ihun da na kurma ya tara gidan kaf. Aka same ni a bayan ƙofa ina jan Ayatul Kursiyyu, Edna kuwa zaune da ƙulli a ka kamar mai ciwon haƙori.

A ofis manaja ta yi mini bayani, fom ɗin rahoto a gabanta. Kwana huɗu Edna ba ta yi bayan gida ba, ranar ta samu ya fito. Shi ma pass ne. Anti Ladi, 'yar Jos da muke aiki tare, ta raɗa mini, "Ke 'yar uwa, ki yi apologise kawai, kada ki yi explaining, za ki ƙara ɓata case ɗin."

Edna ce ta cece ni. Ta ce rabonta da wani ya taɓa ta a hankali haka tun mijinta yana raye. Aka ƙara mini wata uku na gwaji, na sa hannu.

Tun daga ranar, in Bature ya ce mini wani ya yi pass, ba na Innalillahi, ba na barka. Sai na tambaya tukuna: me ya fita, ran ne ko kuwa?