Yadda Ake Guje wa Gyaran Rufi da Ilimin Taurari

Kai maigida, in rufinka na yoyo kuma jininka bai haɗu da tsani ba, ga dabarar da ba ta taɓa ba da kunya ba. Maƙwabcina Jelmer, a nan Groningen ta ƙasar Holland, ya daɗe yana cin moriyarta.

1. Fara daga asali.
Ranar da matarsa Fenna ta nuna masa bokitin da ke tare ruwa a tsakiyar falo, Jelmer bai ta da hankalinsa ba. Ya ajiye burodi da cukunsa ya ce, "Masoyiya, kin san da ni da ke da ruwan nan duk daga ɗigo guda muka fito, shekara biliyan goma sha uku da ɗoriya?" Haka za ka yi. Wanda ya ji biliyan yakan ji kunyar ambaton bokiti.

2. Ɗora wa sama laifi.
In ramin rufin ya ƙaru, ka ce masana sun tabbatar sararin samaniya kullum buɗewa yake yi. Fenna ta ce, "To me ya hana bokitin buɗewa?" Kada ka amsa irin wannan. Girgiza kai kawai, kamar mai tausayi.

3. Jawo ƙarshen zamani.
Taurari za su mutu ɗaya bayan ɗaya, duhu da sanyi su gaje komai. Me rufi ɗaya zai tsinana? Faɗi wannan kana kallon taga.

4. Guji mai sauraro.
Nan Jelmer ya yi sake, don Fenna ta karance littafinsa na ilimin taurari tsaf. Wata Asabar da hantsi ya tarar tana ɗaure jaka a bayan keke.

"Sai ina?"

"Gidan yayata. Kai ka ce komai nesa yake yi da komai. Kuma na karanta, wanda ya yi nisa sosai ko haskensa ba ya dawowa."



5. Hau tsani.
Kafin ta sha kwana yana kan rufi, ruwan sama na dukansa. Ta juyo, ta jingine keken, ta riƙe masa tsani.

"Kana hango ƙarshen duniyar daga nan?"

"Rami nake gani."

"Yau ka fara karatu."

Gargaɗi: marubuci ba ruwansa da mura, gocewar ƙugu, ko yajin matar kowa. Mai ƙorafi ya jira tauraron ƙarshe ya mutu, sai mu zauna.