Gadar da Ta Cinye Waken Cindo

Wani mutum ne a Tungar Marke ana ce masa Cindo Maharbi. In ya zauna a gindin ceɗiyar kasuwa, babu naman dawan da bai taɓa kayarwa ba. Zaki ma, in ji shi, in ya ji ƙanshin tabarsa sai ya sake hanya. Amma iyakar abin da aka taɓa gani a ratayensa, kurciya ce da gafiya.

Ana nan sai aka turo sabon malamin daji, Malam Isiyaku, ya tara jama'a a ƙofar dagaci ya karanta doka. Namun daji kashi uku ne. Akwai waɗanda ko hararar su ba a yi. Akwai waɗanda sai da lasisi. Akwai maɓarnata, kowa ya samu ya kashe. Sai dai dabba ɗaya tana iya zama ta hukuma a cikin gandun daji, ta koma ɓarauniya in an same ta tana ɓarna a gona.

Kai ya ɗaure wa kowa. Wannan ya tambayi zomo, wancan ya tambayi biri, wani ya ce to in ƙafa biyu na gandu, biyu na gona fa? Cindo ya miƙe ya gyara hula, ya ce su daina wahalar da bawan Allah, shi ya sha dokar nan ya ƙoshi. Duk wanda ya rikice ya same shi a gida.

A ransa kuwa ya ga ƙofa. Lasisin me?

Kwana uku tsakani, da hantsi, ya saɓa bindigarsa harba-ka-ruga ya sulale cikin gandu. Allah ya haɗa shi da wata gada tana kiwo. Daram! Ta faɗi. Shi kansa sai da ya yi mamaki. Ya saɓo ta a kafaɗa, yana haki, ya zo ya yar a tsakiyar gonarsa, ya ɗora mata ƙafa yana kirari.

Ƙarar bindiga ta jawo manoma, ta jawo Malam Isiyaku a kan babur. Ya nemi lasisi.

"Ranka ya daɗe, kashi na uku ce," in ji Cindo. "Maɓarnaciya. A gonata na kama ta dumu-dumu."

"Me ta ɓata?"

"Wake. Waken da babu irinsa a ƙasar nan."

Malam Isiyaku ya duba gabas, ya duba yamma. Damina ta yi tsakiya, gonakin maƙwabta sun yi kore shar, gero ya fi mutum tsawo. Gonar Cindo kuwa tafasa ce da ƙarangiya har gwiwa, sai wani tsohon suri.

"Ina waken?"

"Ta cinye."

"Duka?"

"Ƙarƙaf. Ba ka san cin gada ba."

"Har saiwa?"

Ido ya raina fata, amma bakin Cindo bai mutu ba. Ya ce ai tonowa take yi da kofato.

Malam Isiyaku ya karɓe bindigar, ya sa aka ɗaure gadar a bayan babur, ya ce sai su haɗu a gaban alƙali. Sannan ya tura ciyawa da takalmi, ya ga ƙasa shimfiɗe kamar faifai, ko fartanya ba ta taɓa ta ba.

"To, ta ci ganye, ta ci saiwa. Kunyar da ka shuka waken a kai fa? Ita ma ta haɗiye?"

Baba Nomau, dattijon da gonarsa ke iyaka da ta Cindo, ya jingina da fartanyarsa ya yi gyaran murya.

"Malam, kada a ɗora wa gada abin da ba ta ci ba. Shekara ashirin muna maƙwabtaka da shi, ban taɓa ganin kunya ba, ko a gonarsa, ko a idonsa."