Ranar da Na Kai Takalman Dagatai Wanki

Ko tsufa ya cinye ni, ba zan taɓa mantawa da ranar da na bar dagatai tsaye ba takalmi a tsakiyar Dutse ba. Lokacin ina karatun harkar otal da yawon buɗe ido, an tura mu wani otal koyon aiki, ni aka saka a ɓangaren shirya taro. Madam Rifkatu, 'yar Filato da ke kula da ɗakin taron, ta faɗa tun farko cewa mutum ɗaya za ta riƙe a cikinmu idan mun gama. Ni kuwa tuni na ba wa kaina aikin (har na ce wa Inna ta fara sa albarka).

Kuma fa na iya, ba cika baki ba. Jera kujeru, gwada lasifika, sanin wanda zai zauna kusa da wane, duk a tafin hannuna suke. Shi ya sa da aka kawo taron dagatai daga Kiyawa da Ringim da Taura kan noman riɗi, Madam ta ce, "Yau ɗakin naka ne. Ni ido kawai zan sa."

Komai ya tafi sumul har hakimin da zai buɗe taro ya iso ya zauna. Ganin haka kowa ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa kafin ya shiga gaisuwa. Kafin ka ce me, ƙofa ta zama kasuwar 'yan takalma. Ni kuma a aji an dasa mana a ka cewa ƙofar shiga ita ce fuskar taro, ga masu ɗaukar hoto na hanya. Sai na faɗa sito, na ɗebo fararen buhunan da ake zuba zannuwan gado, na kwashe takalman tas, na jingine su a bayan kicin. Ban gaya wa kowa ba, so nake Madam ta gani da idonta ta san ta samu ma'aikaci.

Da aka kira Azahar, dattawa suka fito, suka yi cirko-cirko.

"Kai, ina takalmina?" in ji wani dagaci, yana leƙa bayan tukunyar fulawa.

Na matso ina murmushi, har da ɗan rusunawa. "Ranku ya daɗe, a kwantar da hankali, suna hannuna." Na zaga bayan kicin da tafiyar ƙasaita. Wayam! Mai gadi ya ce ai mai a-daidaita-sahun da ke kai kayan otal wanki ya ɗora buhunan ya wuce tun ɗazu.

Rana ta take, daɓen siminti ya ɗau zafi, masallaci kuma yana can ƙarshen harabar otal. Ɗaki-ɗaki Madam ta bi ta tattaro silifas ɗin banɗaki, su ma ba su isa ba. Haka dagatai, da rawani da manyan riguna, suka riƙa zuwa salla a karɓa-karɓa, wani dunduniyarsa a ƙasa. Wani dattijo daga Taura ya dube ni a natse ya ce, "Ɗan nan, kai ɗan gidan wane ne?" (Ban faɗa ba. Mahaifina bai yi laifin komai ba.)

Na haye acaɓa sai gidan mai wanki. Na tarar har ya juye buhu guda a baho, takalman fata suna iyo cikin kumfa. Na dafe kai. Ya ce, "To ni mene ne nawa? Abin da otal ya aiko nake wankewa." Haka na dawo na zazzage su a bakin ƙofar da na share, dattawa suna tsinta, kowa na neman ɗan'uwan nasa, ruwa na ɗiga.

Da yamma Madam ta kira ni ofis. "Ka gyara ƙofa da kyau," ta ce, "sai dai ka manta waɗanda suka shiga ta cikinta za su fito." Wata abokiyar karatuna ta ba wa aikin, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

Yau da kaina nake shirya taruka da bukukuwa a Dutse, kuma alhamdu lillahi ana nemana. Abin da na koya shi ne, kayan baƙo ko ya tare hanya, a tambayi mai shi kafin a yi masa gwaninta. Su ma dattawan sun koyi nasu. Kwanaki na je sallar Juma'a a Kiyawa, wani dagaci ya hango ni, ya amsa gaisuwata da fara'a, sannan ya sunkuya ya ɗauki takalminsa ya shige da shi masallaci a hammata.