Janar Bakan-gizo da Tabarmar Maus

Duk wanda bai san Malam Lukmanu ba, to bai san Abuja ba. Jami'i ne a sashen kwamfuta na wata hukumar gwamnati, mazaunin Lugbe, ko da yake in an tambaye shi sai ya ce "wajen eyafot". Allah ya hore masa baiwar da ba kowa ke da ita ba: yakan wuni a kan kujera bai taɓa fayil ko ɗaya ba, ya tashi a gajiye.

Babban abin alfaharinsa wata tabarmar maus ce, irin wadda ake ɗora linzamin kwamfuta a kai, mai fitila a gefe, wadda ke sauya launi daga kore zuwa shuɗi zuwa ja. Masu wasan kwamfuta ake yi wa ita, shi ma wasan harbe-harbe yake yi a kanta tun daga safe har la'asar, abin sauraro toshe a kunne. Abokan aiki suka laƙaba masa Janar Bakan-gizo. Ya karɓi sarautar hannu bibbiyu.

Ranar da Darakta ya leƙo ya tambayi mene ne wannan mai walƙiya, Janar bai ko ƙifta ido ba.

"Ranka ya daɗe, na'urar tsaro ce. Kore, lafiya lau. Shuɗi, ɓarayin intanet na shawagi. In ta yi ja, an kawo mana hari. Ni kaɗai nake tare su. Ban so in faɗa ba, oga, saboda ba na son yabo."

Inda babu ƙasa ake gardamar kokawa. Darakta, wanda sakatariyarsa ke buɗe masa imel, ya jinjina kai, ya sa sunan Janar cikin masu zuwa taro Dubai. Daga ranar Janar ya daina amsa sallamar masinja. Ko masallaci zai tafi sai ya rufe tabarmar da hankici, wai sirrin ƙasa ne.

Ana saura mako a tafi, Darakta ya kawo manyan baƙi daga ma'aikata su ga abin al'ajabi. Suna shigowa tabarma ta yi ja.

"Hari!" in ji Janar. "Kowa ya ja baya! Daga ƙetare ne!"

Ya miƙe da ƙarfi don a ga jarumta, wayar abin sauraronsa ta fizge daga kwamfuta. Nan take ƙarar bindiga ta cika ofis. Baƙi suka zube ƙasa. Darakta ya shige ƙarƙashin tebur da babbar rigarsa, hula ta yi nata wuri.

Sai ga wata murya daga lasifika, ta Obadiah na sashen sufuri, wanda ke hawa na biyu: "Lukmanu, na sake kashe ka! Mu ƙara, ko ogan naka ya shigo?"

Darakta ya rarrafo ya fito, ya kakkaɓe gwiwa, ya dubi allon kwamfuta, ya dubi Janar.

"Wannan ne ƙetaren?"

Janar ya lallaɓa ya rufe tabarmar da hankici.

Ba a kore shi ba, don gwamnati ba ta wasa da gwaninta. Abokiyar aikinsa Rukayyat ce ta tafi Dubai. Shi kuwa Darakta ya ce tunda Janar ya san launi haka, a ba shi aikin da ya dace da iliminsa. Jiya na wuce na gan shi a kan tsani a bakin get, cikin kwat, yana rataya fitilun ado na bikin 'yancin kai, maigadi na ce masa ya ɗan matsa hagu.