Rasuwar Makinar Gahawar Mastura

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yau ba ta daina tashi ba, Mastura 'yar marigayi Alhaji Lado tela, ta tsohuwar unguwar Karantina a Jidda, wadda yanzu ke zaune a hawa na uku a wani bene a unguwar Ammariyya, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, musamman matan zaman Alhamis, rasuwar makinarta ta haɗa gahawa. Marigayiyar, wadda kowa ya sani da Makina kawai, ta cika ne ranar Litinin da hantsi a kan teburin kicin, bayan doguwar jinya da ba wanda ya san tana yi. Ta rasu tana da shekara biyu da wata bakwai. Ana roƙon duk wadda za ta karanta wannan sanarwa ta ajiye abin da take ci tukuna.

Makina ta shigo gidan ne a lokacin da kewa ta ishi Mastura. Da aka rushe Karantina, matan da suka tashi a lungu ɗaya, waɗanda a da in ɗaya ta yi atishawa maƙwabciya ke amsa mata ta bayan bango, sai suka watse cikin Jidda, wannan kudu, waccan can bakin hanyar Makka. Mastura ta samu ɗakuna masu tayil da ƙofa mai ƙararrawa, amma ba mai danna ƙararrawar. Wata shida tana haka, sannan ta sayo Makina, ta zauna da waya a hannu ta koyi haɗa latte: gahawa mai kauri a ƙasa, madara mai kumfa a sama, da rabin cokali na zuma a gindin kofi. Ta aika wa tsofaffin maƙwabtanta su tara cewa duk Alhamis bayan la'asar ƙofarta a buɗe take. Suka zo, suka kuma ci gaba da zuwa, wasu sai sun hau mota biyu. Wannan zama shi kaɗai ya rage wa Mastura daga unguwar da aka binne cibiyarta, kuma shi take tsoron wannan sanarwa za ta kashe.

Marigayiyar mai kyawun hali ce, a iya abin da ido ke gani. Ba ta taɓa ƙin tashi ba, ko da zafin Jidda ya kai inda fanka ma ke neman fanka. Da an danna ta sai ta gyara murya, "grrr," ta ɗan yi shiru kamar mai tunani, sannan ta saki tururi, "tssss," har kumfa ta taso. Ta saurari sirrin mata tara na shekara biyu da rabi, wanda ya isa ya kashe aure goma, ba ta taɓa kai wa kowa ba. Jikinta kuwa kullum sheƙi yake yi, domin Mastura na goge ta safe da yamma da wani tsumma na musamman, wanda ko mijinta Isma'il bai isa ya share hannu da shi ba.

A nan dole a faɗi wani abu game da mai makokin. Mastura mace ce mai tsafta har ta wuce misali, irin wadda ke wanke cokali kafin ta jefa shi cikin ruwan wanke-wanke. Duk matan Alhamis suna tune da ranar da ta je barka gidan ƙawarsu Wafa', aka kawo mata ruwa, ta ɗaga kofin gilashin sama ta hango shatin yatsa a jikinsa, ta ajiye ta ce ai ba ta jin ƙishi. Wafa' kuwa ba ta manta ba. Abu ɗaya tak Mastura ta bar wa wani game da Makina, shi ne ɗura ruwa a tankin da ke bayanta, ta jikin bango. Wannan aikin Goggo Larai ne, ƙanwar mahaifinta, wadda ta zo umra daga Gusau shekara goma sha biyar da suka wuce, har yau ba ta gama shirin komawa ba. Goggo ce ta roƙa a bar mata ko da wannan ne, ta ce zaman banza na sa mata ciwon ƙafa.

Latte ɗin gidan ya yi suna. Yana da wani ɗanɗano nasa, zaƙi mai ɗan tsami-tsami da ke kama bayan harshe, wanda ya riƙa ƙara fitowa da tafiyar watanni. Dalal, ɗaya daga cikin matan Alhamis, wadda ba gidan gahawar da ba ta shiga ba daga tsohon gari har bakin teku, ta sha rantsewa ba ta taɓa jin irinsa ba. Gaskiya ta faɗa. In aka tambayi Mastura sirrin, sai ta sunkuyar da kai ta ce hannu ne kawai, kuma har cikin ranta ta yarda hannun ne.

Ciwon ajali ya fara ne a hankali. Da farko muryar ce ta dusashe, "grrr" ya koma "ƙrr-ƙok, ƙrr-ƙok," kamar tsoho mai majina a ƙirji. Sai gahawar ta fara fitowa ɗigo-ɗigo. Sai wani ɗan wari ya riƙa tashi a kicin, irin na tsumman da aka manta a bokiti. Mastura ta wanke ko'ina da sabulu da ruwan zafi har sau uku, ta ɗora laifin a kan mutanen hawa na biyu. Kiyashi suka ja layi daga taga zuwa teburin, nan ma ta ce na hawa na biyu ne. Ranar Litinin ta danna don ta haɗa wa kanta kofi ɗaya. Makina ta yi nishi, ta yi "ƙok" sau biyu, ta tofo wani baƙin abu mai yauƙi a cikin kofin, ta yi shiru. A samansa akwai wani ɗan siririn abu da Mastura ta ɗauka ɓawon gahawa ne. Ta kai shi kusa da taga ta duba, ta ga yana da gwiwa da 'yan gashi.

Ta naɗe gawar da farin tawul ta kai wa Majid mai gyara, wanda shagonsa ke wani lungu kusa da kasuwar Bab Makka, shi ma ɗan Karantina ne. Majid ya shekara ashirin yana buɗe cikin injuna, ya ga abubuwa. Ya kwance noti huɗu, ya ɗaga murfin baya, ya tsaya cak. Sannan ya ajiye sukundireba a hankali ya fita waje ya tsaya cikin rana. Mastura, da ba ta san abin da ke jiranta ba, ta leƙa.

Za a taƙaita, saboda masu raunin zuciya. Gindin tankin ya yi wani kauri mai santsi, launin ruwan kwata, fumfuna ta fito masa fara da koriya, kiyashin da suka nutse a ciki kuwa sun kwanta hawa-hawa, na bana a kan na bara. Bututun da ruwa ke bi ya toshe da wani baƙin danƙo, ya tsage, ya riƙa tsiyaya a cikin jikin. A inda ɗumi yake, kusa da ƙaramar tukunyar da ke dafa ruwan, kyankyasai sun kafa gari. Akwai manya, akwai ƙanana farare da ba su daɗe da fitowa ba, akwai ƙwai a jere kamar wake a kwasfa, akwai kuma kakanninsu da suka mutu suka dahu a inda suke. Ta wannan hanya duk wani kofi da aka sha a gidan Mastura ya biyo. Warin da ya taso ba shi da suna a Hausa, Majid ya ce a Larabci ma babu.

"Wallahi ya ukhti, 'yar uwata, wannan ba makina ba ce, bene ne cike da 'yan haya, kuma ba mai iƙama, takardar izinin zama, ko ɗaya," in ji shi daga bakin ƙofa, hannu a hanci. "Halas, shi ke nan, ta tafi. Amma gaya mini, wa ke zuba zuma a tankin ruwa?"

Mastura ba ta san yadda ta iso gida ba. Ta tarar da Goggo Larai zaune tana tsince shinkafa, ta tambaye ta maganar zumar. Tsohuwar ko musu ba ta yi ba. Ta ce tun Alhamis ta biyu take zubawa, manyan cokula uku duk mako, daga zumar da 'yan umra ke kawo mata daga gida saboda ƙirjinta. Ta ce a Alhamis ta farko ita ta kwashe kofuna, guda tara, kowanne da fiye da rabi a ciki. Da ta fita zubar da shara ta ji matan suna sauka a matakala. Ɗaya daga cikinsu, Bilkisu, tana cewa mota biyu ta hau don ta zo ta sha ruwan darbejiya, wata kuma tana cewa a daure a ƙara zuwa sau ɗaya don kada Mastura ta ji kunya.

"Rabin cokali, 'yar nan. Wa ya taɓa tara mata da rabin cokali?" in ji Goggo, idonta a kan tire. "Na ce ki ƙara, kika ce haka waya ta ce. Ni kuma a inda na tashi, abin da ba a dafa tare ba bai haɗu ba, ko shayi ne ko kunu. Sai na zuba mata a ruwanta. Na ga yadda kike kafin su fara zuwa. Ban so in sake gani ba."

Mastura ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta tuna yadda Goggo ke tari da safe tana cewa zumarta ba yawa, lallaɓa ta take yi. Sai kuma ta tuna ƙafar nan mai gashi, ta ruga banɗaki. Ta daɗe a ciki, kuma ba amai kaɗai ta yi ba, har da kuka.

Kwana biyu tana juya maganar a ranta. Abu ne mai sauƙi ta ce wuta ce ta ƙona Makina, ta sayo wata, kowa ya yi mata jaje a wuce wurin. Majid ya yi alkawarin ba zai faɗa ba, ya ce shi ma so yake ya manta. Amma Bilkisu ta fi shekara tana kukan murɗawar ciki duk ranar Juma'a, ta daina cin kifi, ta daina cin yaji, har ta daina gaisawa da mai sayar mata da nama. Mastura ta san in ta yi shiru, duk Alhamis za ta riƙa miƙa wa matan nan kofi tana kallon bakinsu. Ta ga gara su guje ta da saninsu. Kunyar kuwa tana jin ta har cikin ƙashi, ba ta kuma ɓoye ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar kofuna tara, da butar kaɗa madara, da rabin jakar gahawa wadda ba mai iya kallonta yanzu, da cokalin nan na rowa. Ta kuma bar 'ya'ya da jikoki masu yawa. Majid ya gama da akasarinsu da feshi, sauran sun bazu cikin kasuwa, ana ba masu sayar da abinci na wajen haƙuri. Daga cikin masu makoki akwai Goggo Larai, wadda har yanzu ta tsaya a kan cewa laifin na wanda ya ƙera tukunyar da ba a iya buɗewa a wanke ne.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis bayan la'asar. Ba za a yi wanka ba, don an nemi mai yi an rasa. An sa gawar a baƙar leda uku, ɗaya cikin ɗaya, Isma'il zai sauka da ita zuwa babbar bolar da ke ƙarshen layi, ba a kuma buƙatar masu rakiya. Ba za a buɗe fuska ba, ko wa ya roƙa.

Zaman makoki a falon da aka saba ne. Babu latte. Goggo Larai za ta dafa shayi da citta da kanumfari a buɗaɗɗiyar tukunya, a kan ƙaramin murhu a tsakiyar falo, murfi a gefe, da ragowar zumarta wadda ba ta fi yatsa biyu a gindin kwalba ba. Mai son leƙawa ta leƙa, mai son juyawa da ludayi ta juya. Mastura ta wanke kofunan tara da tafasasshen ruwa ta jera su a tire, ba ta san guda nawa za a ɗaga ba. Wadda ta ga ba za ta iya sake shan komai a gidan ba, ba za a ga laifinta ba.

Kafin a fitar da wannan sanarwa, Mastura ta kira mutum ɗaya da bakinta, don ta ga ita kam bai kamata ta ji a rubuce ba. Ta gaya wa Wafa' komai, har da ƙafar. Wafa' ta ajiye wayar ba ta kashe ba. Aka ji ƙarar famfo, aka ji doguwar kurkurar baki. Sannan ta dawo.

"Halas, zan zo," in ji ta. "Amma da kofina zan zo, ya Mastura. Wancan mai shatin yatsa. Kuma ke za ki sha a cikinsa."

Mastura ta ce to. Sauran takwas ba a ji daga gare su ba tukuna. Ƙofa za ta kasance a buɗe tun daga kiran sallar la'asar, hawa na uku, hannun dama, ba sai an danna ƙararrawa ba.