Rasuwar Jan Kundi, Wanda Ba a Taɓa Buɗewa Ba

Da zuciya cike da baƙin ciki, wanda kaso mafi tsoka na Mai Awo ne, tsohon ma'aikacin awon filaye, iyalinsa ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Jan Kundi, littafin tarihin Yaƙin Duniya na Biyu mai shafi dubu da ɗoriya. Ya cika ranar Talata da hantsi a kabad ɗin gilashi na falo, inda ya shekara arba'in da ɗaya a tsaye, bai taɓa kishingiɗa ba.

Marigayin ya shigo gidan da kyakkyawar shaida. Mai sayar da tsofaffin littattafai ya rantse cewa sunan mahaifin Mai Awo na ciki, wato Baba, wanda ya tafi yaƙin yana saurayi ɗan dako, ya dawo da tari da kunne ɗaya a toshe. Tun daga ranar maganar ta zama gadon gida. An faɗa wa surukai, an faɗa wa jikoki, har mai gyaran famfo bai tsira ba. Malama ce kaɗai, matar Mai Awo, wadda ta shekara talatin tana duba takardun jarrabawa, ta tambayi lambar shafi. Aka ce da ita mace ba ta san darajar littafi ba.

Marigayin ya kasance mai kamun kai da riƙon sirri. Shafukansa a manne suke tun daga maɗaba'a, ba a yanka bakinsu ba, kuma 'yan ƙungiyar masu tara irin waɗannan littattafai sun haɗu a kan cewa ranar da wuƙa ta taɓa shi, darajarsa ta zube. Saboda haka ba a karanta shi, sai dai a kai masa ziyara. Duk ƙarshen wata dattawa shida kan zo, su sa farar safar hannu, su shinshina bangonsa, su yi ta gardama kan faɗin bakin igwa har shayi ya huce. A cikinsu babu wanda ya taɓa jin ƙarar bindiga in ba ta mai harbin kurciya ba. Marigayin bai taɓa ƙaryata kowa ba. Iyakar maganarsa "tim" in an ajiye shi, sai kuma a 'yan shekarun nan wani siririn "ƙus-ƙus", wanda Mai Awo ya ce takarda mai asali ce ke numfashi.

Ashe gara ce. Ta bayan kabad ta shigo, ta huda ledar da aka naɗe shi da ita ninki uku, ta cinye fagen yaƙin gabas, ta cinye na yamma, ta bar bango a miƙe kamar soja a fareti. Aikin da manyan janar-janar suka shekara shida suna fama, ta gama shi ko taswira ba ta nema ba. Ranar Talatar aka ɗauko shi don a nuna wa sabon suruki, sai aka ji shi sakayau, gari na zuba a kan safa.

Ya bar ƙanne littattafai goma sha huɗu, duk a rufe, da safar hannu, da Mai Awo, wanda tun ranar bai ci abin kirki ba.

Malama ce ta shirya gawar, da wuƙar yanka albasa. Gara ta bar shafuka sittin na ƙarshe, inda jerin sunaye yake. Mai Awo ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Malama, a hankali, kar ki ji masa ciwo." Ta ce, "Maigida, wanda gara ta gama da shi, me warin albasa zai rage masa?" Ta tsaga shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta bi sunayen da yatsa kamar mai kiran rajista. Sau biyu ta bi.

Za a binne shi ranar Asabar bayan karin kumallo, a gindin katangar baya kusa da gidan garar, don kada a wahalar da ita da doguwar tafiya. Ana roƙon 'yan ƙungiya su zo ba safa. Masu ta'aziyya kuma su taimaka kada su tambayi Mai Awo lambar shafi, ga abin da aka samu. Akwai sunan janar ɗari biyu da tara, jiragen ruwa tamanin, da dokin wani kwamanda. A gaban "'yan dako" an rubuta lambar shafi guda, shafin kuwa yana cikin waɗanda gara ta ci. Sunan Baba ba ya cikin jerin.