Kwaɗon da Na Sa wa Motar Baba

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na kama ɓarawo a kasuwar Zakirai. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

A lokacin Baba yana da wata tsohuwar akori-kura, wadda a takarda fara ce, a ido kuwa launin ƙasar gona gare ta. Da rani ta ɗebo taki daga birni, da kaka ta kwaso dawa da gyaɗa, ranar kasuwa kuma ta ɗauki duk wanda ya tsaya a bakin hanya, da shi da akuyarsa. Ƙauyenmu yana kusa da Minjibir, irin wurin nan da gonar wannan ke manne da ta wancan, ko atishawa ka yi sai maƙwabci ya amsa maka. Mota ɗaya ce tak a unguwarmu, don haka ta kowa ce. Ina kewar ƙarar motar nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Na dawo gida bayan shekaru a makarantar kwana da ta koyon sana'a a Kano, da takardar shaida a jaka, da girman kai fal ciki. Baba ya ce gwiwarsa ta fara damunsa, ya miƙa mini tuƙi. A makon ne na ji direbobi a tasha suna cewa an fara sace marfin bayan akori-kura, a ɗaga shi kawai a zare, a kai wa 'yan gwangwan. Da na koma gida na duba namu, sai na ga da hannu ɗaya ma zan iya cire shi. Ƙarafunan da yake maƙale a jiki sun yi sumul, har ƙyalli suke yi (da ina da hankali, da na tambayi kaina abin da ya goge su haka).

Nan fa ilimi ya motsa. Na kai motar wurin mai walda ya liƙa mini zobe biyu, na sayo sarƙa da ƙaton kwaɗo irin na shago. Ban tsaya nan ba, na samo jan fenti na rubuta sunan Baba da na ƙauyenmu ɓaro-ɓaro a jikin marfin. Sannan na tsayar da Baba a ƙofar gida na yi masa lacca a kan yadda duniya ta lalace, da yadda mutanen ƙauye suke da sakaci. Ya saurare ni har na gama, yana taunar goronsa.

"To, sannu injiniya," in ji shi. "Makullin guda nawa ne?"

Na ce biyu.

"Ba ni ɗaya."

Na ba shi ina jin daɗi, wai ni na wayar da kan tsoho.

A nan dole in kawo zancen Saude. 'Yar wani ƙauye ce a hanyar Zakirai, kuma ita nake so tun ranar da na fara ganinta a bikin 'yar kawuna. Manya sun riga sun shiga maganar, an kai gaisuwa, saura a sa rana. Mahaifinta, Malam Garba Mai-iri, sau biyu na je gaishe shi. Duka biyun tun daga bakin zaure nake cire takalmi, in durƙusa, in kafa idona a ƙasa har in fito, kamar yadda Inna ta ja mini kunne. Na san muryarsa, na san takalminsa na fata mai faci a gefen dama. Fuskarsa kuwa, ko a hanya muka yi karo ba zan ce ga ta ba. Ni a ganina wannan ita ce cikar tarbiyya.

Ranar kasuwar farko da na tuƙa, Baba ya biyo ni a gidan gaba. Damina ta kusa, kasuwa ta cika da masu neman iri da taki. Na ajiye motar a gindin darbejiya, na ja kwaɗon sau uku don in tabbatar, Baba ya shige cikin kasuwa wurin abokansa, ni kuma na tafi shan koko da ƙosai.

Da na dawo, babu marfi. Sarƙa tana reto, kwaɗon kuma an mayar da shi an rufe a jikinta tsaf (ɓarawo mai tattali, bai so ya ɓata ba). Ina ɗaga ido sai na hango jan rubutuna yana tafiya a saman kawunan mutane, a hankali, ba ko sauri. Wani ne ya ɗora shi a ka yana ratsa kasuwa da shi da rana tsaka.

"Ɓarawo! Jama'a ku tare shi!"

Ba wanda ya motsa. Ni suka juyo suna kallo. Wani mai tumatir ma har na ji yana ce wa ɓarawon, "Malam, an fito?" Mai hankali da a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa sai na yanke cewa duk kasuwar bakinsu ɗaya. Na zuba da gudu, na tsallake buhun barkono, na yi fatali da kwanon wata mai daddawa, na cafko rigarsa ta baya na fizga. Ji kake ƙiii, ta yage tun daga wuya har kugu.

Mutumin ya tsaya. Ya sauke marfin a hankali, ya jingina shi da ƙafarsa, ya juyo. Dattijo ne siriri mai farin gemu, ban taɓa ganinsa ba. Jama'a suka yi mana zobe, ni kuma ganin taro sai bakina ya ƙara buɗewa.

"Haba Baba, da furfurarka? Ba ka tsoron Allah? Ga suna a rubuce, ko karatun ne babu? Ka san ko ni wane ne?"

"Na san ka mana," in ji shi, a natse. "Kai ne dai ba ka san ni ba, don kullum ƙasa kake kallo."

Muryar ce ta fara dukana. Idona ya sauka ƙasa da kansa, inda ya saba, sai ga takalmin fata mai faci a gefen dama. Wallahi ban san lokacin da na durƙusa ba. Abin da ya fito daga bakina, a tsakiyar kasuwa, da ƙyallen rigarsa a hannuna, shi ne, "Ina kwana, Baba. An tashi lafiya?"

Wani ya ce, "Kai, ai surukin ne!" Kasuwa ta ɗauka. Mai daddawar da na zubar wa kaya ta manta da masifar da ta fara, ta riƙe ciki tana dariya. Ina durƙushe Baba ya ratso taron da sandarsa, ya dubi rigar, ya dube ni.

"Tun kana aji ɗaya Malam Garba yake baza irinsa a kan marfin nan duk ranar kasuwa," in ji shi. "Wa kake zato na karɓar wa makullin?"

A hanyar gida magana ɗaya Baba ya yi: "Injiniya, a hankali, akwai rami." Ni kuwa ba kunyar ce kaɗai take ci na ba, tsoro ne. Na san na rasa Saude. Wa zai ba da 'yarsa ga wanda ya kira shi ɓarawo a bainar jama'a? Mako biyu tana ƙin ɗaga wayata. Tuwo ya daina wuce mini. Inna kuma kullum sai ta ce ita cewa ta yi in sunkuyar da kai, ba ta ce in makance ba.

Daga ƙarshe Baba da kawuna suka ɗauki goro da sabon yadi suka tafi ba da haƙuri. Ina zaune a ƙofar gida tun hantsi har la'asar ina jiran hukunci. Suka dawo da yadin, Malam Garba ya ƙi karɓa, ya ce an riga an ɗinke rigar. Kawu ya isar da saƙonsa kamar yadda ya faɗa: "Yaro kayan ubansa yake tsaro, ban riƙe shi ba. Maganar aure tana nan. Sai dai ni wuyana ya gaji, tunda yana son marfin nan haka, shi zai riƙa kawo mini."

Haka kuwa aka yi. Duk ranar kasuwa in buɗe kwaɗona da hannuna, in ɗora marfin a ka, in ratsa kasuwa, masu tumatir suna ihu, "Ku tare shi!" In ɗora shi a kan duwatsu huɗu, Malam ya jera irin kuɓewa da rama da yakuwa tsibi-tsibi, ya ce in zauna. Da fari a takure nake zama, daga baya har ni nake miƙa wa masu saye ƙulli. Aka yi auren, aka haifi 'ya'ya, ban fasa ba. A gefen marfin nan na san fuskar mutumin, har na san yadda idonsa yake ƙanƙancewa in zai zolaye ni.

Shekara tara muna haka, sai Malam ya kwanta ciwon kwana uku, Allah ya karɓi abinsa. Kasuwar da ta biyo bayan sadakar bakwai, na ajiye mota, na buɗe kwaɗo, na ɗora marfin a ka. Sai da na kai wurin masu tumatir na ji shiru, ba wanda ya ce a tare ni, sannan na tuna. Na tsaya a nan da ƙarfe a ka ina hawaye, ƙato da ni.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kafin ka sa wa kayan gidanku kwaɗo, tambayi tsofaffi su wa suke taɓa shi. Suruki kuma a ji kunyarsa, amma a daure a saci kallonsa ko sau ɗaya. Ni sai da na yaga wa nawa riga kafin na gan shi, kuma har yau ban ga mutum kamarsa ba.